Katangar da ke riƙe da ƙasar maƙwabci: Nawa take ci, kuma a ina ake cin amanarta?

Wanda ya sauka daga titin Obafemi Awolowo ya shiga layukan Utako, idan ya kula, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Gidaje biyu ne a jere, katanga ɗaya ta raba su, amma tsakar gidan ɗaya ta fi ta ɗayan tudu da mita guda, wani wurin ma har biyu. A gidan sama katangar da ƙyar ta kai kafaɗar mutum. A gidan ƙasa kuwa sai an ɗaga kai ake ganin ƙarshenta. Abin da wannan ke nufi shi ne, rabin katangar na ƙasa yana ɗauke da ƙasar maƙwabci gaba ɗaya, da motocin da aka ajiye a kanta, da duk ruwan saman da ta sha.

A gindin irin wannan katanga ake samun inuwa da la'asar, don haka nan yara ke wasa. Nan ake ɗaura igiyar shanya, nan famfo yake, kuma sau da yawa a jikinta aka jingina ɗakin maigadi ko madafar waje. Shi ya sa maganar ta shigo wannan shafi na iyali da lafiya, duk da cewa a zahiri maganar siminti da rodi ce.

A Maitama da Asokoro da Guzape da Katampe, tudun a fili yake, kuma mai gini ya san tun ranar farko sai ya kashe kuɗi a kan katangar tare ƙasa. Utako, wadda ke cikin kashi na biyu na tsarin birnin tare da Jabi da Wuye da Mabushi, gangarenta mai sauƙi ne, ba ya ba kowa tsoro. Yawancin bambancin tsayin da ke tsakanin filaye da hannu aka yi shi. Wani ya kawo tifa-tifa na jar ƙasa ya yi ciko don gidansa ya fi titi tsayi, kada ruwa ya shigo masa. Wani ya haƙa ƙasa don wurin ajiye motoci a ƙarƙashin otal ko filaza, tunda unguwar ta cika da su da kuma tashoshin motocin safa. A duk hali biyun, tsohuwar katangar bulo da aka yi don ta nuna iyaka kawai ita ake bari da aikin da ba a gina ta dominsa ba.

Nauyin da ba a gani

Katangar gida ta yau da kullum kanta kawai take ɗauke da shi, sai ɗan bugun iska. Katangar tare ƙasa kuwa turin gefe take sha dare da rana. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 1,800, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na matsin nan yana juyawa ya tura gefe. A lissafin injiniyoyi, idan busasshiyar ƙasar da ke bayan katanga ta kai mita ɗaya, kowace mita ta tsawon katangar tana shan turin kusan kilo 300. Idan ƙasar ta kai mita biyu, turin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya koma kusan kilo 1,200. A mita uku ya kai 2,700. Ƙarfin da ke neman kifar da katangar daga gindinta ya ma fi haka saurin hawa, domin duk lokacin da tsayi ya ninka, shi sau takwas yake ninkawa.

Wannan duk a rani ke nan. Daminar Abuja tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma a Agusta da Satumba ƙasa ta riga ta ƙoshi. Idan ruwa ya taru a bayan katanga bai sami mafita ba, shi ma turi yake yi, kuma nasa ya fi na ƙasa, domin ruwa ba ya riƙe kansa ko kaɗan. Katangar nan mai mita biyu da ke shan kilo 1,200 a watan Janairu, idan bayanta ya cika da ruwa sai turin ya kai kusan kilo 2,700 a kowace mita. A katanga mai tsawon mita 15, jimillar ta kai tan 40, wato ta fi kayan tirelar siminti mai buhu 600. Bulo mai inci tara da aka jera da kwaɓin siminti a tsakani ba a yi shi don ya tare tirela ba. Dalilin da ya sa katangu suka fi faɗuwa bayan ruwa mai yawa ke nan.

To, nawa take ci?

Duk wanda ya faɗa maka farashi ɗaya ba tare da ya zo ya ga filin ba, ka yi masa godiya ka nemi wani. Farashin kayan gini ma ba ya zama wuri ɗaya. A Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da sayar da buhun siminti Naira 3,500 daga masana'anta. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura Naira dubu 10 a kasuwa, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan Naira dubu 7 zuwa dubu 8. Abin da ba ya canzawa shi ne yawan kayan da katangar ke buƙata. Idan magidanci ya san wannan, sai ya ɗauki waya ya tambayi farashin ranar a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da wajen masu fasa dutse na Mpape, ya yi lissafinsa da kansa.

Mu ɗauki misalin katanga mai tsawon mita 15 da za ta tare ƙasa mai tsayin mita biyu, ta kankare da rodi. Siffarta kamar harafin T ne da aka kifa: akwai jiki a tsaye, akwai faffaɗan gindi a kwance a cikin ƙasa. Gindin nan shi ne sirrin aikin. Faɗinsa kan kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayin katangar, a misalinmu kusan mita 1.4, kaurinsa santimita 30, kuma mafi yawansa yana shiga ƙarƙashin ƙasar da ake tarewa ne, ta yadda nauyin ƙasar da kansa zai danne katangar ya hana ta kifewa. Jikin kuma kaurinsa kusan santimita 25.

Idan aka haɗa, kankaren zai kai kimanin kubik mita 15. Kwaɓin da aka saba da shi, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhu shida da ɗoriya a kowace kubik mita, don haka ana maganar buhu 100 ne ko kusa da haka. Rodi zai kai tan ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Tsakuwar kwaɓi ta haura tan 20, yashi tan 10 da wani abu. Sai kuma wata tsakuwar daban, kusan tan 14, wadda ba a kwaɓa ta da komai, a bayan katanga ake zuba ta don ruwa ya bi.

A ce buhu Naira dubu 10 ne, siminti kaɗai ya cinye Naira miliyan ɗaya. A ce tan ɗin rodi Naira miliyan ɗaya ne, ga wata miliyan ɗaya da rabi ta kusa tafiya. Ba a taɓa tsakuwa da yashi da kuɗin tifa ba tukuna, ba a sayi katako da ƙusa da wayar ɗauri ba, ba a biya masu haƙa da kafinta da mai lanƙwasa rodi da leburori ba, ba a yi hayar injin kwaɓi da na girgiza kankare ba, balle ladan injiniyan da ya zana. Idan lungun ya yi ƙunci har tifa ba ta iya shiga, kamar yadda yake a gidajen da aka riga aka gine ko'ina, kuɗin ɗauko da baro ma abin lissafi ne.

Kwatanta da katangar bulo mai tsawo da tsayi iri ɗaya: bulo 300 ne, da siminti buhu 20 zuwa 25 har da na fandisho. A nan ne rigima ke farawa. Injiniya ya kawo takarda mai buhu 100, birkila ya leƙa ya ce zai yi da 30 kuma zai saka fila duk bayan mita uku. Maigida ya dubi kuɗin makarantar yara da na haya, ya bi birkila. Ba mugunta birkilan ya yi ba. Sau da yawa iyakar abin da ya sani ke nan, kuma katangun da ya gina a filin da ba tudu suna nan tsaye. Amma fila a jikin siririn fandisho ba ta hana kifewa. Ita da bulon tare suke tafiya.

Inda ake rage wa aiki

Kusan duk kuɗin katangar tare ƙasa a wurin da ido ba ya gani yake, shi ya sa cin amanarta ke da sauƙi. Da zarar an mayar da ƙasa an yi filasta an shafa fenti, katangar kirki da ta bogi kamanninsu ɗaya.

Wuri na farko shi ne gindi. An zana mita 1.4, a haƙa santimita 60. Maigida ya zo da awonsa ranar da aka gama haƙa, kafin a zuba komai. Wannan ziyarar ta fi duk sauran amfani.

Na biyu rodi. Akwai rodin da ake sayarwa da sunan milimita 12 alhali bai kai ba. Sikeli ne ke tona asirinsa: sanda ɗaya ta milimita 12 mai tsawon mita 12 ya kamata ta yi kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya, wato sanda 94 a tan ɗaya. Sannan ko rodin mai kyau ne, wurin da aka sa shi ma magana ce. Manyan sandunan tsaye a ɓangaren da ƙasa take ake jera su, domin nan ne kankare ke neman tsagewa idan turi ya zo, kuma dole su lanƙwasa su shiga cikin gindin. Rodin da aka jera a fuskar da ke kallon tsakar gida kuɗi ne aka binne a banza. A bar kankare mai kaurin kusan santimita biyar ya rufe shi saboda tsatsa.

Na uku, wanda ya fi ban takaici domin shi ya fi araha, hanyar ruwa ce. Ana jera guntayen bututun roba mai inci uku ko huɗu a ƙasa-ƙasan katangar, duk bayan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, su ratsa ta daga baya zuwa gaba. A katangar misalinmu huda goma ke nan, kuma sandar bututu guda ɗaya ta isa a yanka su duka. A bayansu a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 tun daga ƙasa har kusa da sama, a raba ta da jar ƙasa da yadin tacewa don kada laka ta toshe ta. Bututun da bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba shi ne ke rage turin damina da fiye da rabi. Duk da haka za ka ga an bar shi, ko kuma an yi shi daga baya mai gidan ƙasa ya sa an liƙe hudojin da siminti, wai ruwa na ɓata masa fenti ko ɓeraye na shigowa. Ƙorafinsa gaskiya ne, amma maganinsa ƙaramar kwata ce a gindin katangar da za ta kai ruwan babbar magudana, da ɗan raga a bakin kowace huda. Kwatar nan kuma a yi mata gangare sosai, domin ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa biyu ya isa sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe ya tashi, a gyara matsalar katanga a sayo ta zazzaɓin cizon sauro.

Na huɗu gaggawa. Kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A juye masa tifar ƙasa a baya kwana uku da cire katako zalunci ne. Cikon ma kaɗan-kaɗan ake yi, a zuba kamar santimita 20 a daddage, sannan a ƙara. Saboda haka lokacin wannan aiki rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Haƙa rami mai zurfi a gindin tsohuwar katanga a watan Agusta kasada ce da ran leburori.

Akwai hanyar rage kuɗi?

Akwai, kuma mafi girmanta ita ce rage tsayi. Tunda turi ninki huɗu yake yi, matakala biyu masu mita ɗaya-ɗaya sun fi katanga guda mai mita biyu sauƙin riƙewa, muddin akwai filin da za a ja ta sama baya da kamar mita biyu. Katangar da ba ta wuce mita ɗaya ba ana iya yin ta da bulo mai inci tara, a zura rodi a ramukansa a cika su da kankare, a kan faffaɗan gindi. Wanda ke da fili zai iya yin katangar dutse mai kauri wadda nauyinta ne ke riƙe ta, ko kwandunan waya da ake cikawa da duwatsu irin waɗanda ake gani a bakin rafuka da gadoji. Su ruwa ratsa su yake yi ya wuce. A gangare mai sauƙi kuwa, jema, ciyawar nan da ake saƙa zana da faifai da ita, saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ta. Matsalar Utako ita ce fili ya yi tsada, kowa ya gine har iyaka, don haka galibi kankare da rodi ne kaɗai ke shiga.

Wata ragowar kuma kyauta ce: a janye nauyi daga bakin katanga. Tankin ruwa mai lita 5,000 tan biyar ne. Shi da janareto da wurin ajiye motoci da bishiya mai babbar saiwa duk ƙarin turi ne. Sokawe a bayan katangar tare ƙasa ya fi su duka illa, domin shi rani da damina jiƙa ƙasar yake yi.

Abin da bai kamata a rage ba shi ne injiniya. Duk katangar da za ta tare ƙasar da ta haura mita ɗaya, a nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, ya duba ƙasar ya zana. A Abuja kuma sashen kula da tsarin gine-gine da aka fi sani da Development Control shi ke amincewa da zane kafin a fara. Mutane suna kallon wannan a matsayin ɓata lokaci, amma takardar ita ce hujjarka ranar da maƙwabci ya kai ƙara.

Wa zai biya?

A nan zumunci ke tsami. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne wanda ya canza yanayin ƙasa shi ke da alhakin tare ta: wanda ya yi ciko ya riƙe cikonsa, wanda ya haƙa ya tokare ramin da ya haƙa. Idan gangaren na asali ne, sai a zauna a raba, a kuma rubuta. Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo hukuncin katangar da ta karkata: idan an gargaɗi mai ita, kuma yana da halin gyarawa bai gyara ba, to abin da ta lalata yana wuyansa. Darasin da ke ciki ga na gidan ƙasa shi ne ya yi gargaɗin a gaban shaidu, a wannan zamani kuma ya haɗa da hoto da rubutaccen saƙo mai kwanan wata.

Da yawa daga mazauna Utako 'yan haya ne, kuma mai gidan yana wata jihar, sai wakili. Ɗan haya ba zai gina katangar miliyoyi a gidan wani ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya duba, ya sanar a rubuce, ya kuma janye iyalinsa daga gindinta tun kafin a amsa masa.

Dubawar ba ta buƙatar ilimi mai zurfi. A ɗaura dutse a zare a sako shi daga saman katangar. Idan tazarar da ke tsakanin zaren da jikinta ta fi yawa a ƙasa, ta fara karkatowa. A auna a rubuta, a sake aunawa bayan wata ɗaya. Tsagewa a kwance, ko mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko ciki da katangar ta yi a tsakiya, duk alamu ne. Haka intalok da ya fara nutsewa a gidan sama, ko rata da ta buɗe tsakanin ƙasa da katanga, ko ƙofar ɗakin da ke jikinta ta fara cijewa. Hudojin da ba sa zubar da ruwa bayan an kwana ana ruwa sun toshe ke nan. Shafe tsaga da siminti ba gyara ba ne, rufe ido ne. Ɗakin da ke manne da irin wannan katanga ko bai faɗi ba yana da nasa ciwon: danshi da fumfuna suna tayar da asma da tarin yara.

Idan ta faɗa wa mutum

A kira 112 nan take. Kafin kowa ya shiga, a dubi ragowar katangar da ƙasar da ke bayanta, domin sukan biyo baya su binne masu ceto. Kada a hau kan ɓaraguzan. A fara buɗe fuska da ƙirji don numfashi, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kuma kada a ja mutum ta hannu ko ƙafa ko a naɗe shi a bayan mota idan yana kukan wuya ko baya. A kan ƙyaure ko faffaɗan katako ake ɗaukarsa, kai da jiki a miƙe.

Akwai wani haɗari da iyalai ba su cika sani ba. Naman jikin da nauyi ya danne na tsawon lokaci yana sakin wasu sinadarai cikin jini da zarar an ɗage nauyin, waɗanda kan toshe ƙoda ko su rikita bugun zuciya. Likitoci a Landan ne suka bayyana shi dalla-dalla a 1941, a jikin mutanen da aka zaƙulo daga gine-ginen da bama-bamai suka rusa: a fito da mutum yana magana, bayan kwanaki ƙodarsa ta tsaya. Don haka a faɗa wa ma'aikatan lafiya tsawon lokacin da ya yi a danne, domin sukan so su fara ƙarin ruwa da wuri, wani lokaci tun kafin a ɗage nauyin. Ko yaro ya miƙe yana tafiya, asibiti za a nufa da shi, ba wurin mai ɗori ba. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da cibiyar kula da masu munanan raunuka. A kwanaki biyu zuwa uku na farko a sa ido a kan fitsarinsa. Idan ya ragu, ko ya koma kalar baƙin shayi, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.